Laujen da Inna ta kai maƙera

Jiya ina kwashe tarkacen ɗaki sai wani tsohon lauje ya faɗo daga bayan buhu. Da ka gan shi za ka san ba irin na kasuwa ba ne, siriri ne, kuma akwai wani kwari da ya bi tsakiyar ƙarfensa. Na zauna a ƙasa da shi a hannu na daɗe, har tuwona ya kama.

Asalinsa wuƙa ce, irin wadda soja ke ɗaurawa a bakin bindiga. Baba ya dawo da ita daga yaƙin basasa, ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan akwatinsa. Ba ya maganar yaƙin, amma duk ƙarshen wata sai ya fito da ita ya shafa mata mai. Mu yara ba ma ko kusantar akwatin. Inna kuwa, a al'adarmu mace ba ta taɓa makamin mijinta, kamar yadda ba ta sa baki idan maza na shawara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Talata Mafara da Bakura, kuma Kiristocinsa ba mu wuce gida uku ba. A zauren wani dattijo muke sujada, maza a kan benci, mata a tabarma ta baya. Maƙwabtanmu Musulmi ne, fadamarmu ɗaya da su. Idan ruwan kogi ya ja baya, tare muke yankan shinkafa, ƙanshin ɗanyen kara ya cika gari, tsuntsaye su yi ta damun kowa ba su tambayi addininsa ba.

Sai aka zo gina madatsar Bakolori. Manyan motoci suka bi gonaki suka baje su, aka hana shuka, kogi ya daina malalowa fadama. Shekara ta juyo rumbuna ba komai. Manoma suka yanke shawarar tare hanyar ma'aikata har a saurare su, kuma ina faɗa maka gaskiya, suna da hujja. Ina da shekara tara lokacin, na san yunwar da kaina.

Da aka fara raɗe-raɗin za a turo masu bindiga, sai samari suka riƙa zuwa wurin Baba, tunda shi ya san yaƙi. Na ga yadda kafaɗarsa ta miƙe a kwanakin nan. Mutumin da aka raba da gonarsa, ga shi an sake nemansa.

Ranar wata kasuwar Mafara, Baba ya fita da safe. Inna ta buɗe akwatin, ta ɗauki wuƙar, ta nufi maƙera. Mata ba sa shiga maƙera, daga bakin ƙofa suke miƙa abin gyara. Ita ta sunkuya ta shiga. Maƙerin, wani tsoho maƙwabcinmu, ya yi shekaru yana ba da labarin. Ya ce ya tambaye ta, "Maigida ya san da wanga aiki?"

Ta ce, "Za shi sani. Lauje nika so."

Ya ce ya daɗe yana kallonta, sannan ya tuna ɗansa na cikin samarin da ke zuwa gidanmu, sai ya jawo zugazugi.

Baba bai doke ta ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya yi ya fi duka zafi a wurinta: ya daina cin abincinta, ya kai ƙararta wurin dattijon ikilisiya. Ranar Lahadi bayan sujada aka tsayar da ita a gaban kowa. Dattijo ya buɗe nassi ya karanta wurin da ke maganar biyayyar mace ga mijinta. Ni kunya ta kama ni kamar in nutse, har na ji haushinta. Inna ta saurara har ya gama, kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Na ji, Dattijo, kuma na yi laihi da ban tambaya ba. Amma littahin guda na. Ka buɗe ma maigidana wurin da annabi yac ce za a mai da takubba kayan noma. In ba mu za mu fara ba, wa aka jira?"

Dattijo ya yi ta juya shafi. Ƙarshe ya ce a tashi da addu'a.

Ba ta taɓa ce wa Baba kada ya je ba. Cewa ta yi ya tsaya tare da maƙwabtansa, amma hannu sake. Ranar da abin ya faru, da hantsi muka ji ƙarar harbi daga wajen hanya. Ba zan ba ka labarin ranar ba, akwai gidajen da har yau ba su gama kukanta ba. Abin da na gani da idona shi ne Baba ya shigo gari da azahar, rigarsa jina-jina, ɗan maƙeri a saɓe a bayansa da rauni a cinya. Yaron ya rayu, da ɗingishinsa ya tsufa.

Da yamma Inna ta ajiye tuwo a gaban Baba. Ya wanke hannu ya ci.

Sai da ya tsufa, bayan rasuwarta, ya yi mini maganar sau ɗaya. Ya ce, "Da wuƙar nan tana hannuna da na yi aiki da ita. Na iya. Kuma da ban samu hannun ɗaukar yaron ba."

Yanzu bindiga ta cika dazukanmu, har yara sun san sunayenta. Makon jiya ɗana na fari ya zo mini da maganar zai shiga 'yan sa-kai, kuma shi ma yana da hujja, an kore mu daga gonar da muka saya wajen Maradun. Mijina ya ce maganar maza ce. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban san maƙerin da zai iya da ƙarfen zamanin nan ba. Amma na goge tsatsar laujen. Gobe idan sun zauna shawara a zaure, zan sunkuya in shiga.