Sauron Cikin Carbin Kaka

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta ta miƙo min wayarta. "Mama, dubi sauron da ya girmi ɗan Adam." Hoton wani dutse ne mai launin zuma, da sauro kwance a cikinsa. Sai da na nemi wurin zama, domin na san irin sauron nan.

Kakana mahauci ne a nan Agege. Gidanmu yana bayan titin jirgi, inda lambatu ke cika da damina, sauro ya hana kowa sakat. Kaka yana da wani carbi mai launin zuma da ya gada daga mahaifinsa. Idan ya dawo daga mayanka, sai ya wanke jini har ƙarƙashin farce kafin ya taɓa shi.

Wata rana ina ƙarama na ɗaga carbin a hasken rana, sai na ga sauro a cikin ƙwaya ɗaya, ƙafafu a miƙe, ciki baƙi ƙirin. A Islamiyya an koya mana jini najasa ne. Ashe duk wanke-wanken nan, da jinin wani Kaka yake tasbihi! Kwana uku abinci ba ya wuce min. Na kasa faɗa masa, na kuma kasa haƙura.

Ranar Juma'a da ya shiga wanka, na tsinke zaren, na ɗora ƙwayar a kan dutsen niƙan maƙwabciyarmu Bayarabiya, na buga. Ta zama gari, wani ƙamshi kamar na turare ya tashi. Ban ga jini ba.

Kaka ya daɗe yana kallon garin. Bai dake ni ba.

"Haba amarya, duk sauron Legas ba ki ga na kashewa ba sai nawa? Shekara da shekaru muna zikiri tare, bai taɓa cizona ba."

Ya durƙusa yana tsince sauran ƙwayoyin.

'Yata ta ce ƙaron itace ne ya rufe irin sauron nan tun shekaru miliyoyi, kuma irinsu ya ƙare a duniya, ko ɗaya ba ya tashi yanzu. Innalillahi! Abin da Allah Ya adana duk tsawon zamanin nan, ni na niƙe shi kamar barkono.

Carbin yana hannuna yanzu, ƙwaya casa'in da takwas. Kullum idan na kai ƙarshe sai in cika ɗayar da yatsa, kuma har yau ban taɓa mantawa ba.