Gyaɗa Nawa, Maigida?

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata Hajiya Dije, wadda rabin Daura ke kira Sista, ɗaya rabin kuma ke canza hanya in sun hango ta da jakar allura. Ni jikanta ne, ko in ce mijinta, don "Maigida mara cefane" take ce mini. Ina ɗan shekara goma sha uku ta tafi ta bar ni gwauro.

Da sikila aka haife ni. Wanda bai san ciwon ba, ya ɗauka an zuba ƙasusuwansa a turmi, an kirawo mata goma masu fushi an miƙa musu taɓare. Sista ta yi shekara talatin tana aikin jinya, da ta yi ritaya sai na zama asibitinta na ƙarshe.

Ba abin da ta tsana a duniya kamar "da sauƙi". Bahaushe ko tirela ce ta bi ta kansa, ka ce masa yaya jiki, zai ɗago rabin da ya rage ya ce da sauƙi. Takan ce wannan amsa ta kwantar da mutane fiye da sauro. "Muna duba marasa lafiya, amma mu ba 'yan duba ba ne," in ji ta. "Alhamdulillahi ta Allah ce, ka ba Shi abinSa. Ni kuma ka ba ni gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Saboda haka ta ajiye gyaɗa goma a gwangwanin madara. Sai ta zube su a faranti ta ce ka turo mata gwargwadon ciwonka. Ɗaya cizon cinnaka ne, goma kuwa ka fara yafe wa maƙiyanka. In na turo uku, ruwa za ta ɗura mini har in ji kamar randa, ta gasa mini gaɓoɓi da tawul mai ɗumi, ta kore ni in taka. In shida ne, magani a kan lokacinsa. Daga takwas babu shawara, sai asibiti. Sau ɗaya na turo goma don in tsere wa gwajin lissafi. Ta kalli idona, ta taɓa hannuna, ta ɗaura mini jakar makaranta da kanta. A hanya ta ce in na saba ƙara gyaɗa, ranar da na turo ta gaske ba wanda zai tashi.

Na taɓa ganin an kawo mata wani dattijo makiyayi daga wajen Mai'adua, baya ya riƙe shi, gumi na zuba, yana rantsuwa da sauƙi. Biyu ya turo. Sista ta zuba masa ido. Can ya kawar da kai kamar mai satar kaza, ya ƙaro shida. Bayan wata uku da magani da motsa jikin da ta koya masa, ba ta tambaye shi ko ciwo ya tafi ba. Cewa ta yi, "Baffa, raka'a nawa kake yi a tsaye?" Da haka take auna warkewa. Irin wannan ciwo, a wurinta, maƙwabci ne ba baƙo ba. Ba zai tashi ba, amma kada ka ba shi makullin ɗakinka.

Na so a ce tana raye a daminar bana. Ciwon ya tashi, aka kai ni wani asibiti. Wani matashin ma'aikaci ya tambaye ni jiki, na ce takwas cikin goma, na ƙara da cewa masu taɓaren sun zo da ƙannensu. Ya dube ni sama da ƙasa. "Mai takwas ba ya zuba haka. Ku samarin yanzu allurar kawai kuke so." Mama ta mintsine ni, ta ce a hankali, "Ka ce da sauƙi mana, kada ka ja mana magana."

Na san abin da yake tsoro. Ƙwaya ta cinye samari da yawa, wasu ajinmu ɗaya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma barkwancin nan shi ne sandar da nake dogarawa. In na ce da sauƙi, gida za a mayar da ni da ƙasusuwana a turmi. Na ce takwas. Ya sake tambaya, na sake cewa takwas, da ƙarfin da na tabbata an ji har garin Sandamu. Sai da babbar likita ta zo ta buɗe fayil ɗina aka ba ni abin da ya dace. Da Sista na nan, ba faɗa za ta yi masa ba. Faranti za ta miƙa masa ta zaunar da shi makaranta.

Ita ma fa na taɓa kama ta. A ciwonta na ajali na shiga na ce yaya jiki, ta ce da sauƙi. Na ce, "Sista, ke ma?" Na ɗauko gwangwanin na zube. Ta yi dariyar da ta sa ta tari, ta turo goman duka. Sannan ta janye ɗaya ta jefa a baki. "Wannan ta ganinka ce, Maigida."

Ba ta bar gida ko gona ba. Gwangwani ta bari, da gyaɗa tara da ban taɓa cikewa ba, da jika mai taurin kai wanda ba zai yi wa likita ƙarya don kunya ba, ko wa zai ji haushi. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta.

Yau da safe biyu na turo. Wannan, Sista, shi ne da sauƙi na gaskiya.