Kiɗan Gidanmu a Bakin Klarinet

Akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ina shara da jera kujeru a wata makarantar kiɗa a garin Villeurbanne. Duk Laraba masu busa kusan hamsin suke taruwa yin repetisiyon, wato gwaji kafin ranar wasa. Shef ɗinsu, wato shugabansu Mushe Bernard, shi ke tsayawa gaba da ɗan sanda. Aikinsa bin waƙoƙin ƙauyuka, na masunta da na makiyayan duwatsu, ya rubuta su a takarda ya raba wa kowane ƙaho nasa.

Ina goge taga sai na ji klarinet, wata irin algaitar Turawa, ta ɗauko wani kiɗa. Na ajiye tsumman. Kiɗan gogen da ake kiran iskar borin gidanmu da shi ne a Maradi. Ashe ina rera shi cikin hanci in ina aiki, shef ya ji, ya zaci waƙar reno ce. Murna ma yake yi, wai zai ba ni mamaki.

Ga shi a Paris za a yi wasan, kuma na riga na gayyaci Yaya Hadiza da ke can unguwar Belleville da mijinta Alhaji. Ita ce iskar take hawa tun muna yara. Ta tuba, ta je Makka, Alhaji bai san komai ba. Amma na taɓa ganin ta faɗi daga jin kiɗan nan a rediyo.

Kwana biyu ina juya maganar. In na hana Yaya zuwa, Alhaji zai tambayi dalili. Ranar Juma'a na ƙwanƙwasa biron shef, wato ofishinsa, na faɗa masa duka. Ya ce an buga program na jerin kiɗan da za a yi, ƙungiya ta yi makonni tana koyo ba da sanina ba, ba zai iya cire shi ba. Sannan ya tambaye ni ko duk kiɗan ne ke kira.

Na ce, "A'a, Mushe. Farkonsa gaisuwa ce. Inda ganga ta ninka gudu, busa ta hau sama sau uku, nan ne take saukowa."

Ya miƙo mini fensir in nuna wurin. Na ce ni ban iya karatun ɗige-ɗigen nan ba, ya busa, zan tsayar da shi. Haka aka yi. Ya soke wurin, na rera masa waƙar daka ya cike gurbin.

Ranar wasa ban kalli dandali ba, hannun Yaya nake kallo. Da klarinet ta fara, carbinta ya tsaya. Kafaɗarta ta soma karkarwa, numfashinta ya sauya. Na danne mata cinya ina karanta duk addu'ar da na iya. Ganga ta matso wurin da aka soke, sai ta karkata ta faɗa waƙar daka. Yaya ta sauke ajiyar zuciya, gumi har wuya. Alhaji kuwa yana ta gyaɗa kai, wai Turawan nan sun iya.

A bakin tashar jirgin metro ta ja ni gefe ta ce, "Ke, saura ƙiris ki tona ni."

Ku 'yan'uwa da kuka shigo aikin sharar nan yanzu, ku sani mutanen busa ba mugaye ba ne, kunnensu ne ke da kwaɗayi. Daɗin kiɗa suke ji, ba su san aikin da yake yi a garinsu ba. Wanda ya sani ya faɗa tun kafin a ɗaga sanda, ko da mai shara ne.