Sha Biyu da Ɗigo Huɗu a Hanyar Kusada

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙin motar gwamnati, kuma ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Laraba cikin damina, da na kai sifana kan batirin motar Lawal. Ku da kuka shigo aikin bayanmu, gara ku ji labarin daga bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Lokacin ni ne babban direba a ofishinmu na Kankiya, ina mataki na bakwai. Aikina shi ne raba motoci, duba littafin kowace mota, da rubuta rahoto ga jami'in sufuri in direba ya yi sakaci. Rahoton nan ba abin wasa ba ne. In ya tabbata, za a karɓe makulli, a ba mutum takardar tuhuma, ta zauna cikin fayil ɗinsa har ya bar aiki.

Darakta huɗu na tuƙa kafin a kawo sabuwar motar nan mai allo a gaban direba. Na ɗauka tawa ce. Sai aka tura Lawal, mutumin Dudunni, ɗan mataki na huɗu, kwas na mako biyu, ya dawo aka miƙa masa makulli a gabana. Lawal ɗin da ni na koya masa shiga garejinmu da baya. Na yi masa murna da baki, amma kishi na ji, ba wani abu ba. Kullum in muka dawo daga aiki, shi zai fito daga sanyin mota rigarsa ko lanƙwasa babu, ni in fito daga tsohuwar a-kori-kura bayana jiƙe sharkaf.

Wata rana matarsa ta haihu, ya tafi suna, aka ce in kai Darakta Kusada a sabuwar motar. Muna cikin tafiya na ga allon yana nuna ƙarfin wutar batir: sha biyu da ɗigo huɗu. A iliminmu na da, in inji na aiki lambar nan kusa da sha huɗu take zama. In ta sauko ƙasa da sha uku, altaneta, wato injin da ke cajin batir, ta mutu ke nan. Ban ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ina kallon lambar ina murmushi har muka shiga Kusada.

Washegari na rubuta rahoto. Na ce Lawal yana wanke inji da ruwan tiyo, ya lalata altaneta, ya kuma ɓoye bai shigar a littafi ba. Wankin injin ban taɓa gani da idona ba.

Ranar Laraba Malam Bishir, jami'in sufuri, ya tara mu a bakin gareji, Darakta ma ya fito ya tsaya. Aka karanta wa Lawal rahoton.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta lau. Haka take aiki."

Na yi dariya na ce, "Mi za ka gaya mani game da batir, Lawal? Tada ta, yanzu kowa ya gani."

Gwajinmu na da mai sauƙi ne. A tada mota, a cire kan batir. In ta ci gaba da aiki, altaneta na caji. In ta mutu, magana ta ƙare. Ya tada ta, na ɗaga bonet, na sa sifana mai lamba goma, na fara kwance noti. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu gam.

Lawal ne. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba Isa, don Allah kada ka cire. Wutar za ta yi tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar motar. Kuma hannunka ne bisa, gaban kowa."

Na fizge hannuna, amma ban cire ba. Malam Bishir ya ce a ɗaure notin, mu hau hanya.

Lawal ya tuƙa, Malam Bishir na gefensa, ni ina baya. Da muka miƙi hanyar Kusada ya taka totur, lambar ta sauko sha biyu da ɗigo huɗu. Na ce, "To, ga ta nan." Muna zuwa gangare Lawal ya ɗaga ƙafa daga totur, lambar ta haura kusan sha biyar. Ya kunna fitilu, ta tsaya wajen sha huɗu. Ya kashe, ta sake sauka.

Ya yi wa Malam Bishir bayani. Akwai wata 'yar na'ura a kan batirin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar yawan cajin da ke ciki. In batir ya cika, sai ta sassauta wa altaneta don a rage shan mai. In an saki totur ko an taka birki, sai ta yi caji da ƙarfi. Ya ciro littafin motar daga aljihun gaba, ya nuna shafin da aka gargaɗi kada a cire kan batir inji na aiki. Yana magana ina kallon ƙeyarsa, ba abin da ya fi ƙona mini rai kamar yadda yake bayanin ba gadara.

Da muka dawo, Malam Bishir ya kira ni ofis ya turo mini rahotona.

"Ɗauki takardarka, Malam Isa. Lawal ya roƙa kada ta kai ga fayil. Ka san da ta kai, kai za a tuhuma."

Na ɗauka na fita. Ban yi wa Lawal godiya a ranar ba, sai bayan mako guda, kuma a tsaye na yi ta. Ya riƙe motar har na yi ritaya, kishin kuma bai bar ni gaba ɗaya ba. Raguwa ya yi ta yi.

Abin da zan gaya muku game da mota kaɗan ne. In kun ga lambar batir ta sauko kuna tafiya, ku kunna fitila, ku ɗaga ƙafa, ku duba ko za ta hau, kafin ku ɗora wa altaneta laifi. Kan batir kuwa kada ku taɓa shi inji na aiki. Game da mutane kuma, ku binciki zuciyarku kafin ku ɗauki biro a kan abokin aiki. Na sha tambayar kaina me zan yi da ni ne a tsaye inda Lawal ya tsaya, wanda ya rubuta ƙarya a kaina yana kwance notin da zai kashe masa aiki. Na san amsar. Da naɗe hannuwana zan yi in bar shi ya cire.