Gurbin Randar Hajiya Rakiya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka umarce ni in toshe gurbin randa a unguwar Harra ta Gabas da ke Madina ba. A lokacin ina mu'allim, wato shugaban magina, a wani kamfanin gine-gine. Mudir, wato manajan kamfanin, shi kaɗai ke sama da ni.

Gidan siriri ne, hawa uku, mutum biyu ba sa wuce juna a matakalarsa. Marigayi Malam Isa, wanda ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa ya zauna, shi ya gina shi. A bangon waje, dab da ƙofa, ya bar gurbin randa domin duk mai wucewa ya sha. Matarsa Hajiya Rakiya ke cika ta kowace safiya, ladan ga mijinta.

Ɗansu Faisal, ma'aikaci a garin Yanbu, shi ya ba mu aikin gyara. Salon da yake so shi ne farin bango sumul, ba kanta, ba ado, ba abin da ido zai tsaya a kai. Muka cire tagogin katako, ai gidansu ne. Da aka zo kan gurbin, sai na ajiye cokalin gini.

Na ce, "Faisal, ka tambayi mahaifiyarka?"

Da Hausa na yi masa magana, ya mayar mini da Larabci, yana kirana baffa: "Ya ammi, ramin nan yana ɓata fuskar gida. Halas, magana ta ƙare."

Hajiya ta leƙo daga zaure. "Ɗan nan, ruwan ba naka ba ne, na ubanka ne."

"Zan sa miki firij a ciki, ya ummi."

"A ciki? Wa zai sha, bangon?"

Na kai maganar gaban mudir. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce abin da mai gida ya zana shi za a gina. Na ce hannuna ba zai toshe sadakar mamaci ba. Washegari aka mayar da ni wani aiki, da furfurata, aka kawo wanda ya toshe.

Bayan an gama na bi ta layin. Gida fari fat, ba tabo. A gindin bangon, cikin zafin ranar Madina, Hajiya na zaune kan kujerar roba, randarta a ƙasa, tana miƙa wa wani direban tasi moɗa. Ta dube ni ta ce, "Mu'allim, sun hana ta wuri, sai na zama gurbinta."

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Ku da kuke riƙe da cokali yanzu, duk ramin da kuka tarar a tsohon bango, wani ne ya bar shi da niyya. Ku nemi mai shi kafin ku kwaɓa siminti.