Hayaƙin Ƙwaryar Inna

Da ciwon Inna ya yi tsanani, abinci ya daina wuce mata, sai fura, furar ma kurɓi ɗaya ta ture. Likitan Filinge ya ce in ba ta sha ba, magani ba zai riƙe ta ba. Ni kuwa kullum damu nake, kullum zubarwa nake, har awakin gidanmu suka yi ƙiba.

A nan ƙanena ya dawo daga Yamai. Shekaru ya yi yana haɗa wa baƙi giya a wani otel, shi da bai taɓa kai ta baki ba, da hanci yake aikinsa. Tun da Inna ta ji irin aikin, ta rantse ba za ta ƙara cin abin da ya fito daga hannunsa ba. Gaisuwarsa kawai take amsawa.

Ya sunsuna furar da na dama, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Yaya, hurag ga ba ta da hayaƙi."

Na harare shi, na ce mai giya ne zai koya mini damu? Bai kula ni ba. Ya ce a wurin aikinsu akwai wani haɗi, margarita: lemun tsami, gishiri a bakin kofi, da giyar da ake kira tekila. In aka sa 'yar'uwarta meskal, wadda ake gasa tushenta a rami, komai ɗaya ne, amma hayaƙi ya shiga. Wanda ya saba da mai hayaƙi, in ka ba shi ɗayar, maido maka kofi zai yi. Ita kuma Inna a ƙauyen Kurfai ta tashi, inda ake turara ƙwarya kafin a zuba nono. Ni na daɗe da komawa kwanon roba.

Ya samo itacen sabara, ya kifa ƙwarya a kan garwashinsa har ta ɗauki ƙamshi, ya dama da kansa. Ni na kai, shi ya tsaya bayan zana.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ta kai hanci, ta lumshe ido. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Rabon da in ga tana sha'awar wani abu har na manta.

"Wa yat turara ƙwaryag ga?" in ji ta.

Kafin in amsa, ta ci gaba.

"Ba ke ba ce. Ke gaggawa gare ki. Shi ɗai ka zama gindina shina kallo in ina turarawa."

Na ce, "Inna, don Allah ki sha. Hura ce, ba komi ciki."

Ta daɗe riƙe da ƙwaryar tana shaƙa, hawaye na bin kuncinta. Na roƙe ta har muryata ta dushe. Sannan ta miƙo mini, ko kurɓa ba ta yi ba.

"Ce mishi ta yi daidai," ta ce. "Aje ta nan kusa, in riƙa jin ƙamshin."