Ƙwarin da Baba Ya Kiwata a Kwalba

Shekarun baya, lokacin da Baba ya kwanta da ciwon shanyewar ɓarin jiki, na yi kishi da wasu halittu da ba su kai ƙwayar shinkafa girma ba. Da gemuna fa, da matata, da 'ya'yana biyu. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Yayana ya yi boko ya samu aiki a Kaduna, ni kuma na tsaya gida, a ƙauyenmu da ke gefen Bakori, ina riƙe da gona. Da ciwon ya zo, hannun dama da ƙafar dama suka daina motsi, magana ta koma sai da ƙyar, komai ya dawo wuyana. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka da aski, ni ke rungume shi a mota zuwa asibiti a Funtua. Wata bakwai ina wannan. Kullum ina gaya wa kaina ba don a gode mini nake yi ba. Amma a wata bakwai ɗin nan ko sau ɗaya ban ga murmushin Baba ba. Mutumin da a da asuba ke yi masa a hanyar gona, ya koma ya juya wa duniya baya yana kallon bango.

Sai wata Asabar yayana ya zo dubiya da farar shaddarsa, riƙe da wani ɗan kwali mai zanen yara. Ya ce a wani kanti ya gani, ya saya wa 'ya'yansa, ya ga yadda abin ya ɗauke musu hankali, shi ne ya ƙaro wa Baba ɗaya. A raina na ce, dattijo mai jikoki ne za a kawo wa kayan wasa?

Ya buɗe. Kwalba ce ta roba, da ɗan cokali kamar na sosa kunne, da ƙunshi uku: gishiri, abinci, da wani gari ja-ja kamar yaji. Ya ce garin nan ƙwai ne na wasu ƙananan jatan lande da ke rayuwa a ruwan gishiri, kuma yana iya shekaru a bushe bai mutu ba, sai ya ji ruwa ya farka. Ya haɗa ruwan, ya ɗauko ƙunshin zai juye, sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya riƙe masa wuyan hannu.

"Rabi," in ji shi.

Yayana ya zuba rabi, ya naɗe sauran ya ajiye a gefen katifa, ya ci tuwo ya kama hanyar Kaduna. Kafin ya shiga mota ya ce mini, "Abu ɗaya, kada a canza musu ruwa. Ruwan daɗi kashe su yake yi. In ya ragu a ɗan ƙara kawai." Na ce to, ina kallon wani wuri.

Kwana biyu ba komai a kwalbar, har na fara jin daɗi. Rana ta uku na shigo da kunu, na tarar Baba ya jawo jikinsa da kansa zuwa bakin taga, ya kafa wa kwalbar ido. Wasu ɗige-ɗige ne a ciki suna ta rawa. Ya juyo ya dube ni da karkataccen bakinsa, yana murmushi. Na yi wata bakwai ina jiran murmushin nan, ga shi ya zo, amma ba nawa ba ne.

Daga ranar gidan ya canza. Ƙwarin suka girma har ana ganin 'yan ƙafafunsu, suna iyo a rigingine kamar masu jin daɗin duniya. Baba ya koyi riƙe ɗan cokalin da hagu, shi ke auna musu abinci, ba ya yarda kowa ya taɓa. Ya gano suna bin haske, sai ya riƙa haska tocila a gefe ɗaya su taru, ya mayar ɗaya gefen su bi. Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa. Abokan Baba su cire takalmi su durƙusa suna leƙe suna "Ikon Allah!", shi kuma ya daure ya haɗa kalmomi ya ce, "Babban... shi ya kawo min." Ina tsaye a bakin ƙofa da buta da tawul, ba wanda ya ce babban ne ko ƙaramin ya wanke rigar da ke jikinsa.

Inna, mahaifiyata, ta lura da fuskata. Ta ce, "Kai ko ba ka murna tsohonka ya fara cin abinci?" Na ce ina murna mana. Kuma ina murnar, wallahi. Amma duk sanda yayana ya bugo waya na ji Baba yana ba shi labarin ƙwari, abin da bai taɓa yi mini a kan gona ba, sai kishi ya taso mini.

Kaka ta yi, masarar da na noma ni kaɗai a gonar Baba ta yi kyan da ba ta yi ba a shekarun da muke noma tare. Na zaɓo goyo huɗu manya, na ɓare su, na shigo ɗakin da ƙurar gona a ƙafata, na tsaya gabansa na miƙa. Ya dube su sau ɗaya ya gyaɗa kai. Sai ya yi mini alama da hannu ya ce, "Matsa... ka tare musu haske."

Na matsa.

Washegari bayan azahar, yana barci, na ɗauki kwalbar na fita tsakar gida. Ruwan ya yi kore-kore, na ce wa kaina ai datti ne, ai taimako zan yi. Na tace ƙwarin da rariyar shayi, na wanke kwalbar fes, na cika ta da ruwan randa mai sanyi, na mayar da su. Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar yayana tana kunnena lokacin da nake zuba ruwan. Kafin magariba duk sun kwanta a ƙasan kwalba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya haska tocila, ba abin da ya motsa, ya kashe ta, ya juya ya fuskanci bango. Ranar bai ci tuwo ba. Washegari na kawo kunu ya rufe baki. Rana ta uku Inna ta fito daga ɗakin idonta ya yi ja, ta ce, "Ni dai ban san wanda ya taɓa ruwan nan ba, amma ya ji tsoron Allah." Ba ta dube ni ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. A lokacin na tsorata da gaske, don na ga mutumin nan zai iya tafiya a haka, kuma ni na tura shi.

Ran Juma'a da safe ina yi masa aski, na ce, "Baba, ni ne na canza ruwan. Kuma na san zai kashe su."

Can ya ce, "Na sani."

Ya nuna mini hularsa da ke rataye a ƙusa. Na ɗauko, ya sa na juya ninkin. Ga ɗan ƙunshin nan na rabin ƙwan, ashe tun ranar farko ya sa Inna ta ɓoye masa. Na manta da shi sam, shi kuwa manomi ne, bai taɓa shuka iri duka ba tare da ya bar na ajiya ba. Ya danƙa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. Maganar da ya yi ta ɗauke shi lokaci, yana yi yana hutawa.

"Kai ka ci da ni. Kai ka wanke ni. Kowa... ni yake yi wa. Su kaɗai ne... ni nake yi musu."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan kumfar sabulu. Ni ina can ina lissafin wanda aka fi so, ashe mutumin da ya ciyar da gida shekara arba'in ne yake neman wani abu, ko da ƙwaro ne, da zai jira abinci daga hannunsa.

Dole na kira yayana na tambaye shi awon gishiri, na kuma gaya masa dalili. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Da ƙwari kake kishi?" Na ce ya ba ni awo kawai. Na samo gishiri mai tsakuwa a kasuwar Bakori, na haɗa ruwan a gaban Baba. Na ɗaga ƙunshin zan juye, ya riƙe mini hannu. Na ce, "Na sani, Baba, rabi."

Da suka ƙyanƙyashe, ni ya fara kira. Daga baya kuma na koyi kawo masa masara ya riƙa zaɓar ta iri da hannun hagu, yana ture wadda bai yarda da ita ba, yana hararata in na yi gardama.

Ya ƙara shekara biyu kafin Allah ya yi masa rasuwa. Har yau in an taru yayana yana ba da labarin yadda kwalinsa ya tayar da Baba, sai in ji kishin nan ya ɗan motsa, don ban warke duka ba. Amma na daina yarda da abin da yake raɗa mini.

Da aka zo rabon kayan Baba, hular kawai na roƙa. Sauran ƙwan yana cikin ninkinta har yanzu. 'Ya'yana sun sha roƙona in zuba musu su gani, nakan ce su bari tukuna. Na san ranar da zan zuba, zan ɗaga hannu in jira a riƙe ni, kuma ba mai riƙewa.